Takardun harbin da muka kai Lyon

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu ta Château Rouge, ni da Baba da jakar kilishi. Baba ya zo Paris ne aka cire masa yanar ido. Likita ya ce aiki ya yi kyau, amma shi bai yarda ba. A garinmu, can bayan Damagaram, shi ne sarkin baka, kuma ya yi alwashin idan ya koma bai iya ganin abin harbi ba, zai sauke sarautar ya rataye bindiga. Wannan magana ta hana shi cin abinci, ni ma ta hana ni sukuni.

Ƙanwata da ke karatu a Villeurbanne, kusa da Lyon, ita ce ta kawo dabara. Tana cikin wata ƙungiyar masu wasan harbi da bindigar iska, kuma suna barin baƙo ya gwada a gaban malamarsu. Ta turo mini hoton takardar gwaji, da'ira cikin da'ira da baƙi a tsakiya, ta ce in bugo da yawa don Baba ya saba da kallonta. Na buga su a wani shagon waya na unguwar Goutte d'Or. Da na dawo gida, don neman albarka, na rubuta bisimilla a saman kowace ɗaya, yadda nake yi wa takardar jarrabawa tun ina lakwal. Na zuba su a ambulan, na sha'afa ban nuna wa kowa ba, har shi Baban.

Jirgin ƙasa kam gudu ne da shi kamar ana korarsa. Na leƙa wurin sayar da abinci, na ga kuɗin biredi da cuku, na dawo wa kilishinmu da ladabi. Baba ya manne da taga yana kallon fararen shanu a cikin ciyawa, yana cewa wannan kiwo ba na wahala ba ne. Na ce to ai ga shi yana gani. Ya ce saniya ko makaho ya san tana nan, a nuna masa zomo.

A Lyon ƙanwata ta tare mu, ta durƙusa har ƙasa a tsakiyar tasha, Turawa na ta ratse mu. Muka hau tiram, ɗan jirgin ƙasan nan na cikin gari, ta saya wa Baba wani biredi mai jan sukari da mutanen garin ke ji da shi. Ya ɗanɗana, ya ce wannan na jikoki ne, amma fa ya cinye.

Wurin harbin dogon ɗaki ne, shiru kamar masallaci bayan azahar. Malamarsu, wata dattijuwa mai furfura, ta yi wa Baba bayanin ƙa'ida: bakin bindiga kullum yana kallon gaba, yatsa ba ya taɓa kunama sai an shirya. Da ƙanwata ta fassara, ya yi murmushi ya ce haka kakansa ya koya masa. Aka maƙala takardata, aka tura ta can ƙarshen ɗakin. Ya ɗaga bindiga, ya daɗe yana saiti, sai ya sauke ta a hankali. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, bai gani ba.

“Wa ya yi rubutu a saman takardar nan?”

Na ce ni ne, bisimilla ce.

“Haba kai kuwa. Sunan Allah zan harba?”

Kunya ta rufe ni. Ƙanwata kuwa ta kama hannuna ta matse, idonta ya ciko. Sai a lokacin na gane: siririn rubutun biro ne, daga wancan nisa, kuma ya hango shi.

Aka ari almakashi, muka yanke saman takardun duka. Baba ya tattara guntayen, ya ninke, ya sa a cikin hularsa. Sannan ya yi harbinsa. Gaskiya bai sami baƙin tsakiya ko sau ɗaya ba, hannun yana rawa. Amma kowane harbi, kafin a jawo takardar, sai ya faɗi inda ya faɗa, hagu ko ƙasa, kuma haka muke tararwa.

Daga nan ƙanwata ta karɓa. Bai taɓa ganin ta riƙe bindiga ba, don a gida maza kaɗai ya koya wa. Ya tsaya a bayanta yana kallo, hudojin harsashinta suna taruwa wuri ɗaya cikin baƙin. Sai share ido yake yi da hannun riga, yana cewa maganin likita ne ke sa shi hawaye.

Washegari muka komo Paris. A jirgi na tambaye shi zancen sarauta. Ya ce zai riƙe, tunda ido ya dawo. Yara su yi harbin, shi ya nuna musu inda naman yake.

Na tafi Lyon ina zaton sai Baba ya sami tsakiya hankalinsa zai kwanta, ashe ganin kawai yake nema. Da muka isa gida ina kwashe kayansa, na tarar takardunsa ya bar su a can. Guda ɗaya ya taho da ita, ya shimfiɗa ta tsakanin rigunansa don kada ta lanƙwashe, ta ƙanwata. Ya ce ita zai fara nuna wa maharban garinmu.