Ƙullin da Yari Bai Kwance Ba

Da an idar da sallar asuba, Yari mahauci yakan ja tsohuwar tabarmarsa zuwa gindin tsamiyar da ke bayan Ƙofar Rini, ya zauna da dunƙulen zare a cinya. Shekara talatin da 'yan kai yana ɗaure wa 'yan damben Sakkwato hannu. Yanzu kuwa sai hantsi ya yi babu wanda ya tsuguna gabansa, sai masu jakuna da ke jefo masa "sannu, tsoho" ba su ko waiwayo ba.

Malaman birni ba sa son dambe, shi ya sa ake yinsa bayan ganuwa idan an gama girbin gero. Duk da haka har mata a cikin kulle sun haddace kirarin gwanaye. Wanda ya ɗaure hannun da ake yi wa kirarin, makaɗi bai taɓa ɓata masa fatar ganga ba.

Yari ba ya naɗa wa kowa zare sai ya tambaye shi, "Mi kaka biɗa kakab bana?" Wanda ya ce so yake ya kayar da kowa, sai ya tattara zarensa ya ce masa ya je ya yi tunani. Abu guda yake so a faɗa, wanda ido zai iya gani. In an faɗa, ya yi ƙulli ɗaya a bakin zaren mutum, ba a kwance shi sai ranar da abin ya tabbata.

Tukur, wanda yanzu ke noma a Dundaye, shaida ne. Sau bakwai ana kayar da shi a turmin farko, har abokansa mahauta suka riƙa shimfiɗa masa buzu tun kafin ya shiga fili. Ya zo wa Yari da kuka, ya ce ya bar dambe. Yari ya ce, "Ban ce ka ka da kowa ba. Bana dai gwiwakka kar ta taɓa ƙasa turmin hwarko. Shi ke nan." Wata biyu Tukur yana gudu cikin yashin bakin gulbi saboda wannan ƙulli. Ranar da aka kwance shi, kayar da shi aka yi a turmi na uku, amma da rawa ya koma gida.

Shi ma Yari yana da nasa ƙullin, a wani guntun zare da ke rataye a wuyansa. Ya yi shi a shekarar da yatsunsa suka fara ciwo: kafin su mutu ya koya wa mutum guda wannan aiki, ɗaurin da tambayar duka. Dodo ya zaɓa, gwanin da ya fi kowa ƙarfin hannu, wanda ya shekara bakwai yana cin tuwon Sakinatu matar Yari, ya kuma rantse zai gaje shi.

Ana gobe zai kara da wani baƙo daga Gwandu, da la'asar, Dodo ya zo da gutsattsarin ƙarfe a tafin hannu.

"Baba, sa min wanga cikin zare. Babu mai gani."

"Ni ina gani," in ji Yari. "Mutumin ga dambe yaz zo yi, ko idonai yak kawo maka?"

Dodo ya kwashe ƙarfensa ya nufi wani mai ɗaurin da ba ya tambaya. Washegari baƙon ya koma Gwandu da ido ɗaya. Jama'a suka ɗauki Dodo a kafaɗa har bakin ƙofa, kuma daga ranar samari suka watse daga gindin tsamiya, suka koma wurin wancan mai ɗaurin. Abin da ke ci mana rai shi ne da mu aka yi ta shewar, mun kuma san abin da ke cikin zaren.

Kai ne, Yari, ka mai da matsorata maza ba tare da ka zuga su da ƙarya ba. Kai ne hannunka bai taɓa naɗa abin da zai nakasa ɗan wani ba, muka saka maka da zaman kaɗaici. Mun gode, ko da godiyar ta zo a makare. Allah ya biya ka, tunda mu mun kasa. Ku kuma masu ƙarfi a jika, tsamiyar tana nan, tabarmar tana da wurin mutum biyu.

Ran kasuwar da ta wuce Tukur ya biyo ya gai da Yari. Da ya ga zaren wuyan ya yi baƙi da gumi, ya ce, "Baba, bari in kwance maka shi, ka huta."

Yari ya dafe ƙullin. "Ba a kwance shi don tausai, Tukur."

Sai ya dubi yatsunsa da suka ƙandare, ya ce, "Amma in mai koyon ya taho, ka hwaɗa mai shi kwance da kainai. Ni yanzu ba ni iyawa."