Likitar Kaji da Hannuna na Dama

A garinmu Siyalkot, in ka ga gidan da ba a ɗinka ƙwallon ƙafa a cikinsa, to masu gidan sun yi tafiya ne. Ni da Shagufta, 'yar goggona, a tabarma ɗaya muka koyi riƙe basilla. Ta girme ni da wata bakwai, amma ban taɓa kiranta Baji ba yadda ƙane ke kiran yayarsa. Tela nake ce mata. Ni na tsere daga makaranta a aji shida, ita kuwa ta liƙe wa littafi har ta wuce Lahor karatun likita.

Ta yi shekara biyar, muka ce an gama. Ta ƙara biyar a kan ƙashi. Sannan ta ce ita daga wuyan hannu zuwa farce kaɗai za ta ƙware, wannan ma sai da ya ci wasu shekaru. A lissafina ta yi jarrabawa ta fi dubu.

Wata ƙaramar salla ta zo gida, na leƙa ɗakinta na tarar ta ɗora ɗanyar cinyar kaza a faranti, ta ƙwama tabarau mai ƙara girma, tana koyon ɗinke jijiya da zaren da ya fi gashin jariri siranta.

"Tela, kazar za ta tashi kuwa?"

"Sarfaraz, matsa, ka tare min haske."

Kafin la'asar duk mai shan shayi a unguwarmu ya ji daga bakina cewa gidanmu ya haifi Likitar Kaji. Sunan ya kama kamar wutar kara. A wurin biki mata suka riƙa miƙo mata ƙashin kazar da ke cikin shinkafar biriyani wai ta duba musu. Goggo har kuka ta yi. Ni kuwa ina gefe ina riƙe ciki don dariya.

Bara waccan na faɗo daga kan soro ina kora tattabaruna, na dira a kan hannun dama, wanda da shi nake ɗinki, da shi 'ya'yana huɗu ke ci. A lokacin Shagufta ta dawo tana aiki a wani asibiti a ƙarshen gari. Da wane ido zan je mata? Sai na nufi wurin Ustad Feroz mai ɗori, domin a wurinmu ɗori aikin tsofaffin 'yan kokawa ne. Ya murza min mai da kurkum, ya jera tsagin gora, ya ɗaure tamau.

"Kada ka kwance sai bayan mako uku," in ji shi. "In ka ji zafi, aikin ne yake ci."

Washegari yatsuna suka yi suntum kamar ayaba, suka fara duhu. Matata Kausar ta soka min allura a yatsa, ban ji komai ba. Ba ta tsaya neman izinina ba, ta tura ni cikin babur mai ƙafa uku.

Shagufta ta datse ɗaurin da almakashi, ta latsa dantsen, ta ɗago ta dube ni.

"Tun yaushe?"

"Tun jiya, Baji."

"Au, yau kuma Baji ce? Kausar, kina shaida." Amma ba ta yi dariya ba. "Jini ba ya ratsawa. Da kun kai yamma, zancen yankewa za mu yi."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Nan take ta sa aka gungura ni ɗakin tiyata, ta tsaga dantsen daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu don naman ya sake. Bayan kwanaki ta haɗa ƙashin da ƙarfe, ta rufe.

Ran da aka buɗe bandeji na ƙura wa ɗinkin ido, don nan kam fannina ne. Shekara talatin ina ɗinki, ban taɓa jera layi irin wannan ba. Ɗan ƙaramin yatsana da na kusa da shi ba su sake lanƙwasuwa ba, amma sauran ukun sun riƙe basilla. A da ƙwallo biyar nake yi a yini, yanzu uku.

Na koma wurin mai shayi na tsaya a tsakiya na ce daga yau duk wanda ya sake faɗin sunan nan, ni da shi ne. Suka ce to.

Makon jiya na je ta duba ni. A bakin ƙofar asibiti wani tsoho daga ƙauye, riƙe da jikarsa da injin yankan ciyawa ya ci mata hannu, ya tare ni da ladabi.

"Ɗana, don Allah ina ne ofishin Likitar Kaji?"

Na sunkuyar da kai, na raka su har ƙofarta.