Pabame Zuwa, Duba-garin da Ya Mayar wa Kayele da Inuwarta

Haihuwa da Karatu

An haifi Pabame Zuwa a daminar shekarar 1941 a garin Kayele da ke arewacin Kamaru, cikin al'ummar Mundang. Mahaifinsa Zuwa Fadanka manomin auduga ne, mahaifiyarsa Mafing kuwa maginiyar tukwane ce. A shekarar 1950 aka sanya shi makarantar mishan ta garin, inda malamansa suka shaide shi da hazaƙa da kuma kafiya a kan duk abin da ya yi imani da shi. A 1959 ya tafi Garuwa, ya yi shekara biyu yana karatun tsabtar gari.

Aiki da Aure

A 1962 ya dawo gida a matsayin duba-gari, a zamanin da zazzaɓin cizon sauro ke yi wa yara ɗauki ɗai-ɗai. Ya ƙudurta a ransa cewa a duhuwar bishiyoyi sauro ke hayayyafa, saboda haka, ba tare da wani ya umarce shi ba, ya riƙa bin gida-gida yana tilasta wa magidanta sare itatuwan tsakar gidajensu. Cikin shekara goma unguwanni huɗu suka koma fetal, jama'a kuma suka laƙaba masa suna Gatari.

A 1966 ya auri Matale, 'yar wani malamin coci. Allah ya albarkace su da 'ya'ya bakwai, biyu suka rasu tun suna ƙanana.

Shekarar Nadama

A 1979, wajen wani kwas a Marwa, wani likita ya tabbatar masa cewa a ruwan da ya kwanta sauro ke ƙyanƙyasa, ba a bishiya ba. Kunya ta hana shi faɗa wa kowa har tsawon shekara biyar. A watan Afrilun 1984, ana tsakiyar fari da matsanancin zafi, tsofaffi uku suka rasu cikin mako guda a unguwa ɗaya, dukkansu a gidajen da shi ya sa aka sare wa inuwa. Ranar Lahadin da ta biyo baya ya miƙe a gaban jama'ar coci, ya bayyana cewa ya yi kuskure, kuma ya daɗe da sanin haka ya yi shiru.

Hidimar Dashe

Daga wannan shekara shi da Matale suka fara renon dashen darbejiya da mangwaro da lemun tsami a gwangwanayen madara, yana ɗaure su a bayan keke yana zagaya gidaje. Da farko ba a karɓe shi ba. Wata tsohuwa mai suna Magu, wadda ya taɓa sare wa tsamiya, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Gatari, yau kuma me ya rage ka sare? Ka kayar mini da wadda kakata ta shuka, ka kawo mini wannan tsinken? Sai na mutu na dawo kafin in sha inuwarsa?"

"Inna, ba na ce ki yafe ba," in ji shi. "Ki nuna mini wuri kawai. Ban ruwan nawa ne."

Ta nuna masa bayan rumbu, ta juya ta bar shi. Rani biyu cur yana zuwa kowace safiya da bokitinsa, har tsohuwar ta fara ajiye masa kunu. Ganin haka maƙwabta suka fara aikawa a kawo musu nasu. Ga masu kukan ƙarancin ruwa, ya koyar da dasawa kusa da wurin wanka da wanke-wanke. Ga masu kukan awaki kuma, kewayen ƙaya.

Ritaya da Tsufa

Ya yi ritaya a 1996, amma bai ajiye keken ba. Ya riƙa zuwa coci da masallaci da wuraren suna yana roƙon kowane gida ya dasa aƙalla biyu, ɗaya ta inuwa, ɗaya ta marmari. A 2008 dattawan gari suka nemi su karrama shi, ya ba su haƙuri, ya ce wanda ya gyara ɓarnar hannunsa ba abin yabo ba ne. Da ciwon gwiwa ya zaunar da shi a 2013, mutane ne suka koma zuwa gidansa karɓar dashe.

Rasuwa

Pabame Zuwa ya rasu ranar Alhamis, 9 ga Maris 2017, yana da shekara saba'in da biyar, bayan gajeriyar jinya. An ɗauki gawarsa da rana tsaka daga coci zuwa maƙabarta, kuma waɗanda suka raka shi sun shaida cewa rassan da suka leƙo ta kan katangu ne suka yi wa akwatinsa inuwa har aka fita gari.

Ya bar matarsa Matale da 'ya'ya biyar: Danzabe, malamin makaranta a Marwa, Mabame, ungozoma, Kagonbe, direban babbar mota, Patale, manomi, da auta Mayang, tela, sai jikoki goma sha tara. Kwana uku aka yi ana zaman makoki, kuma babu wanda ya zo gaisuwa Matale ta bar shi ya koma hannu rabbana, sai da ta danƙa masa dashe ɗaya.