Saƙon Muryar da Muka Tarar a Mungadi

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ni da yayana mai fataucin albasa, a tsohuwar motarsa wadda ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai daga waje. Shi Aliero ya nufa ya ga kaya. Ni kuwa na bi shi ne don in gaida gwaggonmu a Mungadi, wajen Maiyama, domin rabona da ita tun sallar bara.

Hanya ba laifi har Tambuwal, sai 'yan ramukan da direbobi suka haddace kamar karatun allo. Muna shiga Aliero warin albasa ya tarbe mu, ga buhuna jibge a bakin titi, ga manyan motoci ana lodi. Farashi ya hau fiye da yadda yayana ya zata, har ya yi ta shafa gemu yana ƙorafin tsadar mai da taki. Dillalinsa, wani dattijo mai fara'a, ya zaunar da mu a rumfa ya nuna mana sabon abokin aikinsa, wato manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira da ake hira da ita a waya. Yana da mai saye a Kwatano wanda ba ya jin Hausa. A da sai ya nemi tafinta ya biya shi, wani lokacin ma tafintan ya zagaya ya kwashe cinikin. Yanzu magana kawai yake yi, manhajar ta juya ta zuwa Faransanci, amsa ta zo ta mayar masa da Hausa. Amma ya ce ran nan ya tambaye ta kuɗin buhu, ta faɗa masa wani farashi gaba gaɗi, wanda da ya sayar a haka da ya koma gida da hularsa kaɗai. Tun daga ranar ya raba musu aiki: ita fassara, shi ciniki.

A Jega muka karya da waina da miyar taushe, muka sayi soyayyen kifi na tsaraba. Garin cike yake da 'yan kabu-kabu da rumfunan masu POS, kusan kowace kusurwa da laimarta. Daga nan muka miƙe kudu. Gonakin rani kore shar a gefen fadama, Fulani na kora shanu a gefen titi, mu kuma muna bin bayan wata tirela da ta ƙi ba mu hanya har Maiyama.

Mun isa Mungadi bayan azahar, muka tarar da gidan gwaggo tsit. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta miƙo mini wayar maƙwabciyarta. A daren jiya aka turo saƙon murya daga baƙuwar lamba, wai a kai wa gwaggo. Ɗan gwaggo ne ke magana, direban babbar mota da ke Fatakwal. Ya ce ya buge mutum, an tsare shi, an karɓe wayarsa, in ba a tura kuɗin asibiti zuwa wani asusu kafin magariba ba za a wuce da shi kotu. An gwada lambarsa ba ta shiga. Da gari ya waye gwaggo ta sa aka ja bijiminta, wanda ta yi shekara biyu tana kiwo, aka sayar wa wani mahauci a farashin da ya ga dama. Kuɗin na ɗaure a bakin zanenta. Ni take jira in tura, tunda ni ne ɗan boko.

Na saurara. Tare muka tashi da shi, na san muryarsa kamar tawa, kuma ita na ji, har da ɗan shaƙewar nan tasa. Ban yi shakka ko kaɗan ba. Na ce wa yayana ya tada mota mu nemi mai POS.

Gwaggo ce ta ce in sake kunna mata, domin jiya kuka bai bar ta ta ji da kyau ba. Na kunna sau biyu. Ta kafa wa wayar ido.

"Muryatai ta," in ji ta, "amma ba bakinai na ba. Tun da ni haihe shi bai taɓa ce min Mama ba. Inna shi ka cewa."

Sai a lokacin na lura Hausar cikin saƙon irin ta labaran rediyo ce, babu ko kalma ɗaya ta mutanenmu. Yayana ya lalubo lambar wani direba abokin aikin ɗan gwaggo. Minti kaɗan sai ga ɗan gwaggo a waya, bakinsa cike da tuwo. Lafiyarsa lau, wayarsa ce ta faɗa ruwa kwana uku da suka wuce. Yana yawan ɗora bidiyon barkwanci daga cikin motarsa, kuma muna zaton daga nan aka kwashi muryarsa aka ba na'ura ta kwaikwaya.

Gwaggo ta yi hamdala, ta zage shi kaɗan a kan bidiyon, sannan ta tashi ta dama mana fura. Yayana ya je wurin mahaucin ko za a warware ciniki, ya tarar an riga an yanka. Da ya faɗa mata, ta ce ba komai, amma na ga ta daɗe tana duban turken.

Mun kwana, washegari muka kamo hanya, muka shigo Sakkwato da la'asar. Abin da na taho da shi bai da yawa. Na'urar nan tana da amfani, na gani da idona a Aliero, kuma ba zan ce kowa ya jefar da ita ba. Amma yanzu jin murya bai isa shaida ba, musamman in an haɗa da gaggawa da sabon asusu. A daren da na dawo na tara iyalina na ce duk wanda ya ji ni a waya ina neman kuɗi, ya kashe ya kira ni da kansa, in bai same ni ba ya nemi wanda ke kusa da ni. Matata ta tambaya ko har da kuɗin cefane. Na ce mata wannan ni ake tambaya, ba ni ke tambaya ba.