Kunigunde Popp da Shekarar da Giya Ta Yi Tsami

Da ƙarfe shida na safe, ko ana ruwa ko ƙanƙara ta rufe hanya, Kunigunde Popp takan hau gangaren bayan coci da makulli a aljihun rigar aikinta. Takan buɗe ƙofar kogon da kakanninmu suka sassaƙa cikin dutse, ta shiga, ta ja ƙofar don kada ɗumin waje ya biyo ta. Ba ta kunna fitila tukuna. Sai ta tsaya cikin duhu ta shaƙi iska sau biyu ko uku, domin in akwai gangar da ta fara saɓa hanya, hancinta ne ke fara sani. Daga nan ta kunna fitila, ta dubi ma'aunin sanyi, wanda ba ta taɓa yarda da shi ba, sannan ta bi gangunan ɗaya bayan ɗaya tana ɗora musu tafin hannu kamar uwa mai duba goshin 'ya'yanta.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana haka. Ranar Lahadi mai zuwa za ta miƙa makullin, don gwiwoyinta sun ce sun gaji da gangare. Ƙungiyar masu dafa giya ta Weidenloh ta nemi in rubuta mata jinjina a wannan takarda tamu, tunda ni ne tsohon malamin makaranta, ana zaton na san inda ake ɗiga aya. Da sun san abin da zan rubuta, da sun ba wani.

Gidaje ashirin da biyu ne ke da haƙƙin dafa giya a ɗakin dahuwa na gari, kowa da makonsa. Mu maza ranar dahuwar muke so. Ga wuta, ga tukunyar tagulla tana huci, ga gasasshen nama da burodi. Duk wanda ya riƙe muciya ya zama gwani, a yi ta gardama kan tsiron sha'ir da furen ɗaci, a jeru a ɗauki hoto. Amma dahuwa yini ɗaya ce. Abin da ke mai da ruwan sha'ir giya shi ne mako takwas cikin duhu da sanyi, kuma ban taɓa ganin wanda ya hau gangare don ɗaukar hoton wannan ba. Baƙar giya takan rufa wa mai ita asiri. Farar giyar nan Pils da muke taƙama da ita kuwa ba ta san kara ba. Ka ɗaga kofi a hasken taga, duk gaggawarka da ƙazantarka suna ciki, kowa na kallo.

Ran abin duka shi ne yis, ƙwayar da ke sa giya ta tashi, namu kuma ba saye ake ba, gado ne. In giyar gida ta gama tashi, yis ɗin ya kwanta a gindin ganga, sai maigida ya kwashe shi ya kai wa Kunigunde, wadda muke ce wa Kuni. Ita za ta wanke shi da ruwan sanyi, ta adana, ta auna wa wanda makonsa ya zo. Haka yake zagaya gari, gida zuwa gida, kullum ta hannunta.

Ba ni kaɗai na ga aikinta ba. A shekarar zafin nan da injin sanyaya ɗakin da ke can cikin kogo ya mutu, mai kai wasiƙa ya ƙirga mata sawu goma sha ɗaya a yini guda, tana tura baro cike da ƙanƙara daga wurin masu madara zuwa bakin kogo. Ko ganga ɗaya ba a rasa ba. Rabin gari kuma sun ji yadda suka kwashe da Pankraz mahauci, shugaban ƙungiyarmu, da ya zo zai buɗe gangarsa tun lokaci bai yi ba.

"Haba Kuni, mako biyar fa! 'Yata za ta yi aure ranar Asabar."

"Allah ya sanya alheri. Giyar dai ba ita ke auren ba."

"To kofi ɗaya, in ɗanɗana kawai."

"Ka ɗanɗana ka ce me? Kai da ba ka bambance giya da ruwan wanke-wanke in ka wuce kofi uku. Koma kan namanka, Pankraz. In ta nuna zan aiko."

Ya sauko yana zage-zage. Kafin Juma'a ta samo masa aron ganga biyu daga gidan da tasu ta nuna, aka sha biki, aka yi ta yaba wa uban amarya da iya dahuwa. Bai musa ba.

Sakayyar da muka yi wa wannan mata ita ce suna. Kuni Mai Tsami. Kun san shi, kun kira shi, 'ya'yanku da ba a haifa ba a lokacin suna kiran sa ba su san mafarinsa ba. Ga mafarin.

Shekara goma sha tara da suka wuce, cikin watan Maris, matata Irmgard ta rasu. Mako uku bayan jana'iza makona na dahuwa ya zo. A garinmu mako ba ya jiran mai makoki, gidan da ya tsallake nasa sai shekara ta zagayo. Maƙwabta suka ce in yi, zai ɗauke min hankali. Na yi. Da lokacin kwashe yis ya zo, na sauka ɗakin ajiya na tarar da tukwanen ƙasa biyu a kan kanta, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, kowace da shuɗin fure a jiki. Ɗaya ta yis ce, ɗaya ta kabeji mai tsami. Irmgard ta ɗaura jan zare a hannun ta kabejin. Zaren yana nan, na gan shi. Na karanta littattafai har idona ya raunana, ina iya jero muku sarakunan ƙasashen da yanzu babu su, amma shekara talatin da ɗaya ina cin abinci a gidan nan ban san abin da jan zare ke nufi a hannun tukunya ba. Na ɗauki mai zaren, don na ɗauka alamar ta mai muhimmanci ce. Na ɗauraye ta da ruwan sanyi, na zuba yis.

Kuni ba ta karɓar komai sai ta kai hanci. Ran nan kaɗai ba ta duba tukunya ba, fuskata ta duba. Ta ce, "Ka ci abinci yau kuwa, Malam?" Ta juye yis ɗin cikin bokitinta, ta miƙo min tukunyata. Gidaje shida ne suka dafa da shi, dahuwar bikin coci na watan Agusta, wadda ake jira tun farkon shekara.

Duk shidan suka yi tsami. Aka tuntsurar da ganguna a kwata, warin ya kwana uku a bakin titi. Kuni ta bi gida gida tana cewa a nuna mata kayan aiki. Gidana ta zo daga ƙarshe. Ta sauka ɗakin ajiya, ta ɗauki tukunyar, ta kai hanci sau ɗaya, ta murza zaren tsakanin yatsu biyu. Ta dube ni. Ni kuma na sami abin kallo a bango. Ta hau kicin ta tafasa ruwa a murhun matata, ta wanke tukunyar, ta ɗora ta can saman kanta inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi.

Ta ce, "Wannan ta kabeji ce, Malam." Ta fita.

Ranar Lahadi bayan an fito coci aka taru a mashaya. Pankraz, wanda gangarsa na cikin shidan, ya doki tebur ya ce yau sai an san wanda ya ɓata yis. Wani daga lungu ya ce shi ya sa mutanen zamanin da ba sa barin mace ta shiga kogo. Aka yi guna-guni. Kuni ta miƙe, hannayenta cikin aljihu.

Ta ce, "Ta hannuna ya bi, ni ce ban shinshina ba."

Ba ta yi ƙarya ba, ta dai yanka gaskiyar ta ɗauki ɓangaren da ya fi nauyi. Kujera uku ce tsakanina da ita. Ina duban cikin kofina. Aka ce a ɗaga hannu kan ko a karɓe makulli. Goma suka ce a karɓe, sha ɗaya suka ce ta riƙe. Mutum ɗaya bai ɗaga hannu ba ko ta wane ɓangare, wai shi malami ne, ba ya shiga rigima.

Washegari ta hau bas zuwa birni, ta roƙo sabon yis a wani kamfanin giya, ta dawo da shi cikin gwangwanin madara naɗe da jiƙaƙƙen buhu, ta riƙe shi a cinya tun daga can. Yis ɗin da ke gangunanku yau jikan wannan ne.

Sunan kuwa ya zauna. Kowace shekara a bikin coci sai wani ya ɗaga kofi ya ce, "Bana dai ba tsami, Kuni?" Ita kuma ta ce, "Sha ka ji." A yi dariya. Ni ma nakan yi, domin wanda bai yi dariya ba shi ake kallo. Masu cewa laifi tudu ne ba su san irina ba. Ni ina tsaye a kan nawa, ina ganin sa sarai, na bar wata tana ɗauke da shi.

Makon jiya Pankraz ya kawo min jawabin da zai karanta ranar Lahadi in gyara masa. A layi na huɗu akwai barkwancin shekarar tsami, ya ma ja masa layi, ya rubuta a gefe cewa a nan zai dakata a yi dariya. Ranar Talata da safe na hau gangare.

"Rufe ƙofa, Malam, kana shigo min da zafi."

Na rufe. Na faɗa mata abin da ta riga ta sani, da abin da nake shirin rubutawa. Ba ta daina goge bakin ganga ba.

Ta ce, "Shekara goma sha tara. Ko giya ce da tuni ta lalace a ganga."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Kai me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ta ajiye tsumma.

"Na ga mazan garin nan da matansu suka mutu suka bari. Wanda ke da kujera a teburin mashaya yakan ƙara shekara goma, ko fiye. Wanda aka daina yi wa magana, kafin a ci bikin coci biyu mun raka shi da fure. Da na faɗa, kana ganin Pankraz zai sake matsa maka wuri? Kai da ko maɓallin riga ba ka sawa daidai a lokacin."

Na ce, "Sunan bai dame ki ba?"

"Ya dame ni mana! Dutse ka ɗauke ni? Jikata ta taɓa dawowa daga makaranta tana kuka, wai an kira ta jikar Mai Tsami. A makarantarka, Malam, kana ciki." Ta ɗauki tsummanta. "Shekarar farko na sa rai za ka yi magana. Ta biyu ma haka. Daga nan na daina duban ka."

"Zan rubuta shi duka."

"Rubuta. Amma kada ka mai da ni waliyyiya. Ban shinshina ba, wannan ma gaskiya ne, ka sa. Miƙo min bokitin can tunda ka zo."

Na sa, Kuni, ga shi nan. Amma ni ma akwai gaskiyar da zan sa. Sau ɗaya hancinki ya yi sake a shekara arba'in da ɗaya, kuma tausayi ne ya sa. Ke ce uwar kogo. Ke ce kika riƙe wa gari abin da ba ya rayuwa sai da tsabta da haƙuri, alhali mu masu gari ba mu cika ko ɗaya ba. Ke ce kika ba ni shekara goma sha tara a teburin mutane, kika biya da sunanki, ni kuma na zauna na ci na sha ban tambayi wa ya biya ba. Ban ce ki yafe min ba, ba ki bin kowa wannan aikin. Na gode kawai zan ce, a makare, a gaban kowa.

Wanda zai karɓi makulli ya koyi tashi da wuri, ya koyi tsayawa cikin duhu kafin ya kunna fitila, ya koyi ce wa shugaban ƙungiya a'a. Sauranmu mu koyi abin da ya fi wannan wuya: in mun ga an durƙusar da mutum, kada mu ƙara masa kaya. Kada kuma kowa ya yi koyi da wanda ya zauna yana duban cikin kofinsa.

Pankraz, na goge layi na huɗu. In bakinka ya saba har ba ya iya bari, ko bakin wani a cikinku, to sunan yana da mai shi. Ottmar ne, tsohon malami, gida na uku bayan coci. Ranar Lahadi zan zauna a kujerar gaba, ku kira, zan amsa.