Jela a Ƙarshen Layi

Ni ce na ce wa tsohon nan babu sunansa. Da bakina na faɗa, har da ɗaga murya.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ina aiki a wani ofishin gona a Funtuwa. Daga kan tafireta aka ɗauko ni aka zaunar gaban kwamfuta, baƙin gilashi da korayen haruffa, ka rubuta mata umarni ta amsa. A cikinta ake ajiye sunayen manoman da za a ba irin auduga, kowa layi guda, sunan ƙauyensa a ƙarshe. Sai in ce ta zaƙulo mini layukan da suka ƙare da ƙauye kaza, in buga takarda, a kai sito. Kai, ina ji da kaina a lokacin!

Tsohon daga wani ƙauye yake a bayan Gozaki, shi mutanensa suka wakilta. A kan keke ya zo. Na rubuta sunan ƙauyen, inji ya ce babu. Bayan mako ya dawo, damina ta riga ta kankama.

Ya ce, "'Yata, a gabana malamin gona ya rubuta mu. Mutanena sun fara cewa na karɓa na sayar. Ki duba don Allah."

Na sake buga umarnin. Babu. Zuwansa na uku raina ya ɓaci, na ce, "Haba Baba! Inji ba ya ƙarya. Babu ku!" Ya ce to, ya gode. Godiyar nan ce ke hana ni sakat.

Sai da auduga ta kai gwiwa a gonakin mutane injiniyanmu ya dawo daga kwas. Na ba shi labari ina dariya, wallahi ina dariya. Shi bai yi ba. Ya buɗe fayil ɗin sunayen, ya ba da umarnin da ke tona abin da ido ba ya gani. Sai ga wata 'yar alama maƙale a ƙarshen wasu layuka, kamar jelar ɓera. Ashe sunayen wancan yankin a Malumfashi aka buga su, a kan wani inji dabam mai rufe layi da ƙarin alama. Namu kuwa ya ɗauke ta a matsayin harafi, don haka sunan ƙauyen bai yi daidai da abin da nake nema ba. Da na buɗe fayil ɗin na bi shi da ido, da na gan su.

Ko minti biyu bai yi ba ya share jelar.

Na buga takardar sunayensu, na bi motar ofis zuwa ƙauyen da ita a hannuna, in wanke tsohon a gaban jama'a. Suka tsaya suna kallona. Wata tsohuwa ta ce ai ya kwashe iyalinsa ya bar garin, ba wanda ya san inda ya nufa. Duk da haka na karanta musu takardar. Sunansa ne a layin farko.