Toma, wanda ya ƙi shafa jan fenti

Da gari ya waye za ka ga Toma ya fito daga Tsibiri a kan tsohon kekensa, adda ɗaure a baya, ya nufi gonakin mutane. Aikinsa ya nuna wa manomi kututturen da ke toho, ya ce a bar rassa biyu su girma, kada a ƙone. Bana ciwon gwiwa ya sa ya jingine keken.

Ni dai ban taɓa yarda da furoje ba, wato ayyukan tallafi da baƙi ke kawowa. A shekarun da jam'iyyu suka fito, kowace farar mota da ta shigo Maraɗi da alkawarinta take zuwa, ta tafi ta bar mana allo a bakin hanya. Da wani furoje ya ɗauki Toma, da yake Kirista ne, wasu suka ce addininsa zai yi talla. Manoma kuwa tsoronsu ɗaya: icen da ya girma a gona ya zama na gandun daji, ka sare a ci ka tara, gobe a ce gonar ma ba taka ba ce.

Ana nan sai masu tallafi suka aiko da jan fenti, wai a shafa wa itatuwan don baƙi su gani. A Jiratawa, Atika, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gona ɗaya tal, ta tare shi.

"Malam Toma, yau fenti, gobe hukuma. Ina zan kai marayu?"

"Ba za a shafa ba, Inna. In aka karɓe gonarki saboda icen nan, ga tawa a Tsibiri. Mai gari shaida ne."

Ya mayar da fentin. Shugaban furoje ya ce to me za su nuna wa baƙi. Toma ya ce, "Ku kawo su, su zauna a inuwa." Aka sallame shi.

Ba a jima ba soja suka yi juyin mulki, tallafi ya tsaya, motoci suka ɓace. Toma bai fasa fita ba, ba albashi, ba na gode. Yau gawo ya cika gonar Atika, jikokinta ke noma ta.

Toma, kai ne mijin Rifkatu, mai magana ɗaya. Ka sa gonar 'ya'yanka a bakin alkawari, abin da mai mota bai taɓa yi mana ba. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya.

Ku kuma masu zuwa da taimako, muna maraba. Amma duk wanda zai ce mu amince, ya fara gaya mana abin da zai rasa in abin ya ɓaci.